Tanadin Magunguna Don Hatsarin Nukiliya: Me Ake Ajiyewa, Nawa, Kuma a Ina?

Da zarar an ji cewa faɗa ya matso kusa da wata tashar nukiliya, ko wani shugaba ya yi barazana da makamin ƙare dangi, abin da ke fara ƙarewa a kantunan magani shi ne ƙwayar aidin. Mutane su saya su adana, hankalinsu ya kwanta, a zatonsu sun mallaki maganin tururin nukiliya. Alhali babu wani magani guda da ke yin wannan aiki. Abin da likitoci ke da shi 'yan magunguna ne ƙalilan, kowanne da sinadarin da yake kamawa ko gaɓar da yake karewa, kuma kowanne da wa'adinsa na sa'o'i, wanda in ya wuce amfanin maganin ya ragu ƙwarai ko ya tafi ɗungurungum. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jerin magungunan da take shawartar ƙasashe su tanada, karo na farko tun 2007. A ganina sayen maganin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wuyar tana wajen sanin inda za a ajiye kowanne don ya isa ga mai buƙata kafin lokaci ya ƙure.

Cutarwar iri uku ce, kuma sai an rarrabe su kafin a buɗe kwalin magani. Akwai wanda tururin ya ratsa jikinsa daga waje. Wannan ba ya ɗauke da komai, ba ya shafa wa kowa, amma ɓargonsa da hanjinsa na iya lalacewa. Akwai wanda ƙurar ta sauka a tufafinsa da fatarsa. Maganinsa tuɓe kaya da wanka da sabulu, domin cire tufafin sama kaɗai na iya kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar. Sai na uku, wanda ya shaƙa, ko ya haɗiye, ko ƙurar ta shiga ta wani rauni. Na farko da na ukun su ake tanadar wa magani.

Ƙwayar aidin

Aidin mai tururi, wato aidin-131, yana fita ne galibi idan tukunyar nukiliya ta tasha ta samu matsala. In ya shiga jiki, ƙululun tayirod da ke gaban wuya, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, shi ke zuƙe shi, don ba ya bambanta aidin mai kyau da mai tururi. Ƙwayar potassium iodide, da ake taƙaitawa KI, tana riga mai tururin isa ne ta cika ƙululun maƙil, kamar soson da ya sha ruwa ya ƙoshi, sai wanda ya zo daga baya ya rasa wurin zama ya fita ta fitsari. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta kare ɓargo, ba ta kare fata, ba ta taɓa sauran sinadarai masu tururi irin su siziyom ko fulutoniyom.

Amma wannan aiki guda ba ƙarami ba ne. Bayan hatsarin tashar nukiliyar Chernobyl da ke Yukren na 26 ga Afrilun 1986, zuwa shekarar 2005 an samu fiye da mutum 6,000 da kansar tayirod a Belarus da Yukren da wasu yankunan Rasha, cikin waɗanda suke yara ko matasa lokacin hatsarin, kuma babbar hanyar da aidin ya bi ita ce madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa. Poland kuwa ta raba ruwan aidin ga yara kusan miliyan 10 da rabi da manya kusan miliyan 7 cikin 'yan kwanaki, kuma mummunar illa ba ta yi yawa ba. Daga nan aka tabbatar cewa rabon gama-gari abu ne mai yiwuwa.

Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Babba da duk wanda ya wuce shekara 12, miligiram 130. Yaro daga shekara 3 zuwa 12, miligiram 65. Daga wata 1 zuwa shekara 3, miligiram 32. Jariri da bai cika wata ba, miligiram 16. Wasu ƙasashe na da ɗan bambanci, misali Amurka tana ba matashi miligiram 65 har sai nauyinsa ya kai kusan kilo 70, don haka umarnin hukumar ƙasa shi ake bi. Mai sayo wa ƙasa ya fi kyau ya zaɓi ƙwaya mai miligiram 65 wadda aka tsaga ta gida huɗu: babba biyu, yaro ɗaya, ƙaramin yaro rabi, jariri kwata. Raba ƙwayar miligiram 130 gida takwas a cikin firgici, da hannu yana rawa, ba ya fitar da ma'auni daidai. In dole sai da ita, a niƙe ta ta zama gari, a zuba mililita 20 na ruwa a motsa ta narke, a ƙara mililita 20 na madara ko wani abin sha mai zaƙi don a kashe ɗacinta. Kowane mililita 5 na wannan haɗi yana ɗauke da kusan miligiram 16, wato rabon jariri. A auna da sirinji marar allura, ba da cokalin gida ba, don cokula ba girmansu ɗaya ba.

Lokaci shi ne komai a nan. Mafi dacewa a sha cikin awa 24 kafin ƙurar ta iso, ko cikin awa 2 bayan ta fara isowa. Har zuwa awa 8 akwai sauran amfani. In aka wuce awa 24, cutarwarta na iya fin amfaninta, domin tana iya riƙe aidin mai tururin da ya riga ya shiga ƙululun ya daɗe bai fita ba. Wanda kuma ya yi gaggawa ya sha ƙwayar tun kwana uku kafin komai ya faru, ya yi a banza, don kariyar ba ta wuce kwana guda. Shi ya sa ba a sha sai hukuma ta ce a sha. Yawanci sau ɗaya ya isa. Jarirai sabbin haihuwa da masu ciki da masu shayarwa da waɗanda suka haura shekara 60 ba a maimaita musu. Mai shayarwa ta sha nata, jaririn ma a ba shi nasa, don abin da ke bi ta nono bai isa kare shi ba. Kuma duk jaririn da aka ba sai an auna aikin tayirod ɗinsa daga baya, saboda aidin mai yawa na iya danne shi a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma. Ma'ana kayan wannan gwaji ma suna cikin tanadi, ko da yake sau da yawa mantawa ake yi da su.

In ƙwayar ba ta wadata ba, yara da masu ciki da masu shayarwa ne a gaba. Wanda ya wuce shekara 40 haɗarin kansar tayirod gare shi kaɗan ne, illar ƙwayar kuma ta fi saurin kama shi. Wanda jikinsa ba ya jituwa da aidin da mai ciwon tayirod su nemi shawarar likita tun yau, ba ranar da abin ya faru ba.

Gishirin abinci mai aidin ba ya maye gurbinta. A watan Maris na 2011, bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima a Japan, mutane sun wawashe gishiri a kantunan China saboda wannan zato. Lissafin a bayyane yake: kilo guda na gishirin yana ɗauke da miligiram 20 zuwa 40 na aidin, babba kuma yana buƙatar miligiram 100 na zallar aidin, wato kilo biyu da rabi zuwa biyar na gishiri a zama ɗaya. Gishirin zai kashe mutum tun bai kai ko kusa ba. Haka aidin da ake wanke rauni da shi, guba ne in aka sha.

Tun da wa'adin ƙwayar sa'o'i ne, ajiye ta a babban rumbun ƙasa mai nisa daidai yake da rashinta. Suwizalan tana aika wa duk gidan da ke cikin kilomita 50 daga tashar nukiliya nasa kwalin, tana sabuntawa duk shekara 10. A Amurka yankin da ake yi wa wannan shiri mil 10 ne kewaye da tasha. Rabon gida-gida ma yana da nasa cikas: mutane na ƙaura, kwali na ɓata, wasu su manta inda suka sa. Don haka ake ƙara ajiya ta biyu a makarantu da asibitoci da wuraren da za a tsugunar da waɗanda aka kwashe.

Masu fitar da abin da ya riga ya shiga

Ba sai ƙasa tana da tashar nukiliya take buƙatar wannan rukuni ba. A watan Satumban 1987, a birnin Goiânia na Brazil, masu tsintar ƙarafa suka ɗauko kan wata na'urar gashin kansa daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa. A ciki akwai garin siziyom-137 mai ƙyallin shuɗi a duhu, aka riƙa rarraba shi ga dangi da maƙwabta don sha'awa. An auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da gurɓata, 4 suka mutu. Irin waɗannan sinadarai suna nan a asibitoci da masana'antu da wuraren haƙar mai a kusan kowace ƙasa, kuma a irin wannan hatsari ƙwayar aidin ba ta da wani aiki ko kaɗan.

Maganin siziyom shi ne shuɗin Prussia, wanda a Goiânia aka bai wa mutum 46. Siziyom yana zagaye ne a jiki: ya zubo cikin hanji, hanji ya sake tsotse shi, ya koma jini. Maganin ba ya shiga jini. Yana zama a hanji ya cafke siziyom ɗin ya fita da shi ta bayan gida. Da haka lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya fitar da rabin abin yana sauka daga kusan kwana 110 zuwa kusan 30. Babba yana shan giram 3 sau uku a rana, yaro mai shekara 2 zuwa 12 giram 1 sau uku, na aƙalla kwana 30. Kafso ɗaya rabin giram ne. Ke nan babba guda yana cinye kafso 18 a rana, 540 a wata, mutum 100 kuma kafso 54,000. Nan ne masu tsara kasafi ke yawan yin kuskure, su ƙirga kwalabe su ga da yawa, ba su ƙirga kwanaki ba. Bayan gida zai koma shuɗi, a faɗa wa majinyaci tun farko kada ya tsorata ya daina sha. Abin lura na gaske shi ne taurin bayan gida, domin in cikin ya tsaya, siziyom ɗin da aka kama yana nan kwance yana gasa hanji. Don haka a tanadi maganin sassauta ciki tare da shi, a kuma riƙa auna sinadarin potassium na jini, don maganin na kama shi ma. Shuɗin da masu fenti ke amfani da shi sunansu ɗaya amma ba na sha ba ne.

Fulutoniyom da amerisiyom da kuriyom kuwa maganinsu allurar DTPA ce, kuma iri biyu ce: mai kalsiyom da mai zinc. Mai kalsiyom ita ake fara yi, giram 1 ta jijiya, yaro ƙasa da shekara 12 kuma miligiram 14 ga kowane kilo, domin a cikin awa 24 na farko ta ninka mai zinc ƙarfi kusan sau goma, kafin sinadarin ya lafe a ƙashi da hanta. Bayan ranar farko ƙarfinsu ya zo ɗaya, sai a koma mai zinc, saboda mai kalsiyom tana kwashe zinc da wasu ma'adanan da jiki ke buƙata in aka daɗe ana yi. Mai ciki da mai zinc ake fara mata. Wannan ya nuna yadda za a saya: mai kalsiyom kaɗan, amma a ajiye ta kusa da wuraren da ake aiki da waɗannan sinadarai, mai zinc da yawa, tana iya zama a rumbun tsakiya. Ba a yin DTPA don yuraniyom, domin tana iya ƙara wa ƙoda lahani. Shi sodium bicarbonate ake bayarwa. Sitirontiyom kuma ana rage tsotsarsa a hanji da maganin ƙwannafi mai alminiyom ko alginate, in an sha da wuri.

Ɓargo

Wanda tururi ya ratsa dukan jikinsa da ƙarfin da ya kai gray 2 ko fiye (gray shi ne ma'aunin yawan tururin da jiki ya sha), ɓargonsa zai daina ƙera ƙwayoyin jini. Abin yaudara shi ne bayan aman farko yakan ji sauƙi na kwanaki ko makonni, sannan fararen ƙwayoyin jini da masu daskarar da jini su faɗi warwas, ƙwayoyin cuta da zubar jini su shigo. Ba tare da jinya ba, gray 4 ko ƙasa kaɗan na kashe rabin waɗanda ya sama cikin wata biyu; da kyakkyawar kulawa wannan iyaka na hawa zuwa 6 ko 7. A Chernobyl mutum 134 aka tabbatar da wannan ciwo, 28 suka mutu cikin watannin farko.

Magungunan da ke zaburar da ɓargo su ne filgrastim, maikirogiram 10 ga kowane kilo kullum a ƙarƙashin fata, pegfilgrastim, miligiram 6 sau biyu da tazarar mako guda, sargramostim, da romiplostim, allura ɗaya ta maikirogiram 10 ga kowane kilo, mai tayar da ƙwayoyin daskarar da jini. Ana so a fara cikin awa 24 in da hali. Mutum mai kilo 70 yana buƙatar maikirogiram 700 na filgrastim a rana, kwalaben kuma masu 300 ne da 480, wato kwalba biyu kullum, 28 a mako biyu. Pegfilgrastim ya fi tsada, amma in majinyata ɗaruruwa ne, allura biyu maimakon goma sha huɗu tana nufin ma'aikatan jinya za su iya kaiwa ga kowa. Ni da za a tambaye ni, wannan dalili ya isa a haɗa duka biyun.

Su duka firji suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada su daskare, kada a girgiza su, kuma wa'adinsu gajere ne in an kwatanta da ƙwayar aidin. Saya a kulle a sito asarar kuɗi ce tsantsa. A 2022 Amurka ta kashe dala miliyan 290 kan romiplostim kaɗai. Sa'ar da aka yi ita ce sassan masu ciwon kansa na amfani da waɗannan allurai yau da gobe. Dabara ita ce a ƙara yawan abin da ke hannun waɗannan asibitoci, su riƙa amfani da tsoho suna cike gurbi da sabo, da yarjejeniya a rubuce cewa adadi kaza ba zai taɓa raguwa ba. Ana iya yin irin wannan yarjejeniya da kamfanin da ke kawowa, amma a tuna cewa ranar da abu ya faru kowa na neman kaya ɗaya, jirage kuma na iya tsayawa.

Wa za a bai wa, tun da ba zai isa kowa ba? Ma'auni mafi sauri shi ne lokacin da amai ya fara. Wanda ya yi amai cikin awa guda ya sha tururi mai tsanani. Wanda ya wuce awa 4 bai yi ba, da alama nasa da sauƙi. Sai dai tsoro ma na sa amai, don haka ake ƙirga fararen ƙwayoyin jini nau'in limfosait duk bayan awa 6 zuwa 12 a kwana biyun farko, a ga saurin faɗuwarsu. Injin gwajin jini da ruwan gwajinsa da kwalaben ɗiban jini, ba tare da su ba allurar mai tsada za ta tafi ga wanda bai buƙata.

Mafi yawan abin da za a cinye ba waɗannan na musamman ba ne. Ruwan ƙari ne, da gishirin zawo, da ondansetron na tsayar da amai, da loperamide na tsayar da zawo, da magungunan kashe zafi masu ƙarfi, da kayan ɗaurin ƙuna, da magungunan ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da acyclovir da fluconazole. Jinin da za a ƙara wa mai raunin ɓargo sai an haska shi da tururi tukuna don kashe fararen ƙwayoyin mai bayarwa, in ba haka ba su far wa jikin majinyacin. Duk tiyatar da ta zama dole a yi ta cikin awa 36 zuwa 48 na farko, kafin jini ya faɗi rauni ya ƙi warkewa.

Abin da ke lalata rumbu

Ƙwayar aidin ba ta saurin lalacewa in tana cikin takardarta ta ƙarfe, a wuri busasshe, nesa da rana. Wa'adinta kan kai shekara 5 zuwa 10 gwargwadon kamfani. In danshi ya shiga, sai ta fara yin rawaya, ko ta ƙi narkewa da wuri. Kafin a zubar da miliyoyin ƙwayoyi don kwanan watan kwali ya cika, a kai samfuri ɗakin gwaji. Amurka na da shirin tsawaita wa'adin magungunan ajiya ta wannan hanya tun 1986. Amma wannan hukuncin hukuma ne bayan gwaji, ba na mai sito ba. A jera kaya ta yadda wanda zai riga ƙarewa shi zai riga fita, ba wanda ya riga shigowa ba. Kowane firji da na'urar rubuta sanyinsa da wutar ko-ta-kwana, da wanda za a kira in ƙararrawa ta yi ƙara da tsakar dare.

Wani cikas da ba a gani sai ranar: shuɗin Prussia da DTPA kamfanoni ƙalilan ne ke yin su, kuma a ƙasashe da dama ba a yi musu rajista ba, sai kaya su iso su maƙale a hannun kwastan. A kammala rajista ko izinin shigowa na gaggawa tun ana zaman lafiya. Ƙasar da ba ta da ƙarfin saye ita kaɗai ta haɗa rumbu da maƙwabtanta, ta kuma san hanyar neman agaji ta hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da cibiyoyin REMPAN na Hukumar Lafiya ta Duniya, masu ba da agajin likitanci a hatsarin nukiliya. Agajin waje dai kwanaki yake ɗauka, don haka abin da ake buƙata a awa 24 na farko dole ya kasance a gida.

Magidanci kuma nasa tanadin daban ne. Ban da ƙwayar aidin ga mazauna kusa da tasha, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kamata ya saya. Na asibiti ne, kuma na bogi sun yi yawa a intanet. Abin da zai fi yi masa amfani shi ne maganin da iyalinsa ke sha kullum, na hawan jini da suga da asma da farfaɗiya, wanda zai kai mako biyu, da ruwan sha a rufe kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, da abinci a rufe, da rediyo mai batir, da sabulu, da manyan ledoji na ƙulle tufafin da ƙura ta taɓa. Umarnin farko galibi shi ne a shiga ciki, can tsakiyar gini, a rufe tagogi, a zauna aƙalla awa 24. Fita neman ƙwayar aidin a cikin ƙura ya fi rashin shanta haɗari.

Ko rumbu na aiki, atisaye ne kawai ke nunawa, kuma a yi shi da dare ko ranar hutu, ba tare da sanarwa ba. A riƙe agogo daga minti da aka ba da umarni zuwa lokacin da kwalin ya isa makaranta mafi nisa. A nan ake gano cewa mai riƙe da makulli ya yi tafiya, ko takardar bayani tana cikin harshen da mutanen yankin ba sa karantawa, ko malamai ba su da izinin iyaye a rubuce na bai wa yara magani, ko babu sirinjin auna rabon jarirai a cikin kwalin. In lokacin ya haura awa 2, a ɗebi wani kaso na kayan a matso da shi kusa, a sake gwadawa.